Motar Yashin da Tumaki Suka Sha Ruwa a Cikinta

Hantsi ya ɗaga, iskar teku ba ta taso ba tukuna, gari ya yi luf. Na jawo bodin motar yashin daga rumfa na ɗora shi kan tsofaffin tayoyi don rana ta same shi.

A wata gona gabas da garinmu Lancelin na tsinto shi, an cika shi da ruwa tumaki na sha. Faiba ce zalla, wato zaren gilashi da aka daskarar da gam, irin wadda ake ɗorawa kan shasin tsohuwar mota Bitil a hau tudun yashi. Ni aikina liƙin jiragen masunta ne, ban yi nisa a makaranta ba, amma na san faiba. Wata uku ina bin sa da samfefa. Na cire farin fenti na tarar da ja, ƙarƙashin jan akwai rawaya, can ƙasa kuma wani kore mai ƙyalƙyali kamar bayan kifi. Inda na goge har ƙarshe, rana kan ratsa ta fito kamar zuma, zaren faibar na kwance a ciki kamar ciyawa a ƙarƙashin ruwa. Wani lokaci sai in manta da aikin in zauna ina kallo.

Ba suna a jikinsa, ba lamba. Mutum ɗaya ne zai iya faɗa mini ko na waye: Baba Merv Tregonning. Yana saurayi ya zuba irinsu guda goma sha ɗaya a bayan gidansu, duk suka ɓace. Yanzu idonsa ya tafi, kuma duk wanda ya gaishe shi sai ya tambaya ko ya ga ɗaya daga ciki.

'Yarsa Glenys ce ta kawo shi, riƙe da gwiwar hannunsa.

"Ina ɗan liƙin yake?" in ji shi. "Kai Darcy, an ce ka sace wa tumaki wurin shan ruwa."

"Na saya musu baho, Baba. Sun ce ya fi."

"Baba, a hankali, akwai taya gabanka," Glenys ta ce.

"Sake ni, yarinya. Hannuna ya fi idonki gani."

Ya ɗora tafinsa kan hancin motar ya bi shi sannu. Ya bi kan madigadi, ya gangara gefe. Fuskarsa ta saki kamar mai jin wata waƙa daga nesa.

"Wannan lanƙwasar tawa ce," ya ce a hankali. "Daga tudun da ke bayan gari na ɗauko ta. Sati biyu ina sassaƙa ta."

Glenys ta dube ni tana murmushi. Shi kuwa bai tsaya ba. Ya buɗe hannuwansa ya auna faɗin gaban, ya sake aunawa. Sannan ya durƙusa da ƙyar ya zura hannu ƙarƙashin wurin zama, ya daɗe a can.

"Darcy, kawo tef na awo. Nawa ne daga nan zuwa nan?"

Na faɗa masa.

"Ya ragu da faɗin yatsa." Ya miƙe yana dafa ni. "In aka ɗauki zubi daga jikin mota, abin da zai fito sai ya ɗan tsuke. Wannan ba nawa ba ne. Na Des ne."

Des ƙanensa ne. Glenys ta gaya mini daga baya cewa ya ari motar Baba Merv ta farko wai zai je kamun kifi, ya kwana uku da ita, ashe kwaikwayonta ya je yi. Tun daga lokacin ba su sake zama teburi ɗaya ba, har Des ya rasu.

"Ka mayar wa tumaki kayansu," in ji Baba Merv.

Glenys ta ce su tafi gida ya sha shayi, amma bai motsa ba. Ya sake sunkuyawa ya mayar da hannu ƙarƙashin wurin zaman.

"Ya sa katako a nan," ya ce. "Ya lulluɓe shi da faiba har rufi uku. Nawa duk a nan suke tsagewa. Sau nawa ya ce in ƙara, na ce me ƙaramin yaro ya sani." Ya ƙwanƙwasa wurin da yatsa. "Shi ya sa nasa yake nan."

Ya ce mu taimaka masa ya shiga. Muka ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, na sa masa buhu ya zauna. Babu sitiyari, amma ya miƙa hannuwa daidai inda ya kamata ya kasance. A lokacin iskar teku ta iso, ta kawo ƙanshin gishiri da ɗan yashi, ta ɗaga farin gashinsa. Koren nan ya haska masa haɓa.

"Ɓarawon banza," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ko kujerar ma daidai tsayina ya bar ta."

Ya jingina ya rufe ido. Na zaga baya ba tare da na yi motsi mai ƙara ba, na dafa bodin da hannu biyu, na shiga danna shi a kan tayoyin, ya hau, ya sauka kamar mota a kan tudun yashi, ya ɗan karkata hagu. Baba Merv bai juyo ba. Ya dai murɗa hannuwansa zuwa hagun, ni kuma na ci gaba da dannawa.