Ƙafar da ke ƙarƙashin bargo

Mu a Zandam uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ba ta tsayawa ta ƙare masa kallo. Haka na taras, haka na riƙe shekara ashirin da shida, har yabona ake yi, wai Hapsatu akwai kunya.

Shekarar da damina ta ƙi, shanunmu suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, sai kan yaron ya taɓu. Ya riƙa fita da sanda yana kora garken da babu shi. Ubansa ya rasu, don haka baffansa Dabo ne ya kai shi Birnin Kudu, wurin wani Malam Badaru, tsohon disfensa da ya bar aikin gwamnati ya buɗe asibitin kansa na masu taɓin hankali. Daga nan Dabo ya kora ragowar dabbobinsa ya yi kudu, ya bar ni ba mai yi mini baki.

Duk sati nakan hau motar Gwaram da ƙwaryar fura. Su tara ne a rumfa, kowa da marin ƙarfe a ƙafa, allura ta kwantar da su ko ƙuda ba sa iya korewa.

"Malam, yaya masu jiki?" nakan ce, idona a ƙasa.

"Da sauƙi, Inna."

Iyakar hirar ke nan. Amma wutsiyar ido ba ruwanta da kunya. Sati na biyu na ga marin ya ci fatar idon sahunsa. Na uku ƙafar ta kumbura. Na huɗu tun daga bakin zaure na jiyo wari. Wallahi tsoro nake ji kada yaron nan ya mutu a ɗaure. A mota nakan shirya magana tsaf, ina isowa sai harshe ya yi mini nauyi.

Sati na biyar na tarar da motar gwamnati a ƙofa, ma'aikatan lafiya sun zo dubawa daga Kano. An share rumfa fes, an lulluɓa wa kowa sabon bargo har ƙafa. Bargo fa, da tsakar rana, a bazara.

Wata nas mai farar hula, Sista Zahara'u, ta tsaya a gabana. Matan garinmu biyu da muka zo mota ɗaya suna gefe suna saurare.

"Inna, wanne ne naki a nan?"

"Na mutanen gidanmu ne," na ce.

"Akwai abin da bai yi miki ba?"

Malam Badaru ya yi murmushi ya ce, "Ai baiwar Allahn nan ba ta taɓa kawo kuka ba ko sau ɗaya."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta ƙona ni. Sista ta nufi mota, direba ya tayar.

"Iliyasu," na ce. "Iliyasu, janye bargon nan."

Bai ko waiwayo ba. Bai san sunansa a bakina ba. Sai na taka da kaina, na bi ta gaban Malam Badaru, na fizge bargon. Sista ta dawo da sauri, ta duba, ta ce a kawo mabuɗi yanzu-yanzu.

A babban asibiti aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Likita ya ce da an kawo shi ko da sati biyu kafin nan, da ta tsira. Ni kuwa sati uku na yi ina kallonta.

Hankalinsa ya dawo, yana dogara sanda. Har yau matan Zandam na yi da ni, wai na zubar da kunya a gaban baƙi. Su yi ta yi. Kullum da safe sai na kira shi da sunansa, ko ba ni da abin da zan ce masa.