Ƙwaryar Alfari a Gindin Waya

Sai da Bibata ta yi kira sau uku kafin Alfari ya ciro kansa daga cikin randa.

"Maigida, da kai nike magana. Ruwan sha ne a ciki, kai kuma ka sa kanka da gashinka."

"Ki ɗan saurara," in ji shi. "In ruwa ya sauka rabi, muryarta daban take."

Bibata ta janye randar ta rufe da faifai. Ta daina mamakin mijinta tun bara, saura haushi kawai. Alfari mai goge ne, ko dai a ce ya taɓa zama. Shekara ashirin babu bikin da za a yi daga Gaya har Tounouga ba a aiko masa da goro ba. Rana ɗaya ya rataye gogen a bango, ya ce kowane kiɗa nasa ya san inda zai sauka tun bai tashi ba, kuma abin ya gundure shi. Tun daga nan ya koma sauraren abin da ba kowa ke kira kiɗa ba: tabarya biyu da suka saɓa wa juna, kukan igiyar guga a bakin rijiya, kwaɗi bayan ruwa. Wasu a gari suka ce iskoki ne suka taɓa shi. Wasu suka ce lalaci ne tsagwaronsa. Bibata tana cikin na biyun, kuma ba ta ɓoyewa.

Suna cikin haka Hamani, ƙanen Bibata, ya faɗo gidan ko sallama babu, taɓo har gwiwa, jar hularsa ta aiki a hannu. Shi ne gardin waya, mai bin turakun tangarahon da Nasara suka kafa daga Gaya zuwa Dosso yana duba su.

"Yaya, na shiga ukku," ya ce wa Bibata. "Kwana ukku ke nan waya ta mutu. Kumandan na bariki ya ce in aka sauke tuta yau da maraice ba ta tashi ba, a tuɓe mini hula, a sa mini igiya, a tura ni aikin hanya Dosso."

Bibata ta dafe ƙirji. Kowa a Gaya ya san mutum nawa suka tafi aikin hanyar nan, ya kuma san nawa suka dawo da ƙafarsu.

"Ina ta tsinke?" in ji Alfari.

"Ai abin ke nan, ba ta tsinke ba! Sau biyu na bi yankina turke-turke. Tana nan miƙe lahiya lau."

"Har fadama ka shiga?"

"Ruwa har wuya, da mi zan shiga? Daga tudu na hanga, babu komi."

Alfari ya ɗauki hularsa ya ce zai raka shi gidan waya. Gaskiya ba tausayi ne kaɗai ya tashe shi ba. Yana son ƙyas-ƙyas ɗin nan da na'urar tangaraho take yi, ya sha tsayawa bayan taga yana kaɗa yatsa da ita har a kore shi.

Yau ɗakin shiru. Yacuba, akawun waya, mutumin ƙetaren kogi mai Hausar kasuwa, yana zaune ya tasa na'urar gaba yana fifita da takarda. Ya dubi Hamani ya girgiza kai.

"Na gaya maka tun jiya, ba dole sai ta tsinke ba. Magana tana tafiya cikin ƙarfe kamar ruwa cikin kwari. In wani ƙarfe ya taɓa waya, ya kuma taɓa ƙasa, musamman ƙasa mai ruwa, magana duka ta bi shi ta zube. Ko siririn ƙarfe ne kamar zare."

"To wa zai hau sama ya ɗaura ƙarfe?" in ji Hamani. "Mahaukaci?"

Alfari bai jira amsa ba. Ya fita.

Wata biyu ke nan da ya gano turken nan na tsakiyar fadama. Yana wucewa a kwale-kwale ya dafa shi, ya ji itacen yana rawa a tafinsa. Da ya kara kunne sai ya ji wayar tana wani dogon nishi da bai taɓa jin irinsa a bakin mutum ko na dabba ba. Ya dawo da izga, gashin wutsiyar doki, irin wadda yake ɗaura wa goge, ya rataya ta a wayar, ya zura ta cikin ƙwarya. Muryar ta ƙaru, amma izga ba ta jure damina, kullum sai ta saki. Kwana uku da suka wuce ya canza ta da siririyar wayar ƙarfe da ya tsinta a bayan bariki, ya zura ta cikin ƙorai uku, ya ɗaure ƙarshenta a tsohon mashin kamun kifi, ya kafe mashin cikin laka. A ranar ne abin ya buɗe baki sosai, har Alfari ya yi kuka shi kaɗai a cikin ruwa. A tunaninsa iska kawai ya ɗiba daga wayar, ita kuwa iska ba ta Nasara ba ce. Bai taɓa kawo wa ransa cewa maganarsu ma tana gangarowa tare da ita ba.

Ya shiga kasuwa ba don zai sayi komai ba. Ya ratsa masu gishirin Fogha, ya fita ta wajen masu kifi, ya sake dawowa. Ya zauna a rumfar wani maƙeri, ya tashi kafin a gama gaisawa. Abin yi a fili yake: ya ɗauki kwale-kwale yanzu, ya je ya cire, ya yi shiru da bakinsa. Waya ta tashi, Hamani ya tsira, babu wanda ya sani. Sai dai nan ɗin ne yake masa ciwo. Shekara biyu ana nuna shi da baki, ga shi ya samu abin da yake nema, zai kuma kashe shi da hannunsa ba tare da kunne ɗaya ya ji ba. Ya roƙi Bibata shekaranjiya, ta ce ba ta shiga fadama don ta saurari ƙwarya. Kuma abin ba ya magana da safe. Sai iskar kogi ta taso wajen la'asar.

Ya san wannan son kai ne, ya kuma ji kunyarsa. Duk da haka sai da ya bari aka yi azahar kafin ya je ya samu Hamani zaune a ƙofar bariki ya haɗa kai da gwiwa.

"Ɗauko awartakinka. Na san wurin."

Hamani bai tambayi komai ba sai da suka yi nisa cikin ciyawar fadama, Alfari yana tura kwale-kwalen da gora. A nan ya gaya masa, bai rage komai ba. Hamani ya miƙe tsaye har jirgin ya kusa kifewa.

"Kai ne? Kai ne, mijin yaya? Kwana ukku ina yawo kamar kare, ƙafata ta fashe, kana gida kana sa kai cikin randa!"

"Wallahi ban sani ba sai yau."

"Yau da yaushe? Tun hantsi muka baro Yacuba!"

Alfari ya ci gaba da tura gora.

Turken yana tsaye cikin ruwa, kaba ta rufe shi ta ɓangaren tudu. Daga sama siririyar wayar ta sauko, ta ratsa ƙananan ƙorai biyu da aka rufe bakinsu da fatar guza, sannan ta ratsa wata ƙatuwar ƙwarya da ke kife, daidai tsayin kan mutumin da ke zaune a jirgi. Hamani ya dubi abin, ya yi tsaki, ya zaro awartaki.

Alfari ya riƙe masa hannu. "Sau ɗaya. Ka sa kanka ciki sau ɗaya, sannan ka yanke. Ban taɓa roƙonka komi ba."

"Ka roƙe ni taba jiya."

"Ban da taba."

Hamani ya dubi rana. Ta karkata, amma da saura. Ya cire jar hular, ya cusa kansa cikin ƙwaryar da ƙarfi don a san ransa a ɓace yake.

"Ba na jin komi," muryarsa ta fito daga ciki. "Sai warin daddawa."

"Ƙwaryar Bibata ce. Jira iska."

Iska kuwa ta ƙi zuwa. Ciyawa tsaye cak, sauro sun samu nama. Alfari ya jiƙa yatsa ya ɗaga, ya dubi kogi, ya dubi rana, ya ɗan matsa mashin, ya sake mayar da shi. Zufa ta jiƙe masa riga. Yana lissafin tafiyar komawa a ransa: fita daga fadama, sannan tudu, sannan bariki. Hamani ya fara fito da kai yana cewa ya isa haka, sai kan ciyawa ya kwanta daga yamma.

Daga waje abin da ake ji kaɗan ne, wani ɗan zuuu kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Alfari ya san abin da ke ciki. Da farko murya ɗaya ce, mai kauri, a ƙasa can. Sai ta biyu ta hau kanta, ba su daidaita ba, suna gogar juna har su haifi wani bugu a hankali wanda babu hannun da ke yin sa. Ƙananan ƙoran suna shiga su fita yadda iska ta ga dama. Tsuntsu in ya sauka a waya can nesa, a wani turken da ido ba ya kaiwa, sai ka ji saukarsa a cikin haƙoranka. Babu amshi, babu inda za ka ce ga farko, kuma ba ka isa ka san abin da zai biyo baya ba.

Kafaɗun Hamani suka sauka. Hannun da ke riƙe da awartaki ya kwanta a cinyarsa. Alfari ya tsaya yana kallon bayan wuyansa, yana jin wani daɗi da ya kusa fin ƙarfinsa. Ashe ba hauka yake ba. Ko kuma in hauka ce, yanzu su biyu ne.

Inuwar turken ta yi tsawo a kan ruwa.

"Hamani. Lokaci."

Hamani ya ƙara cusa kai ciki.

"Hamani, rana."

"Bari kaɗan," in ji muryar cikin ƙwarya. "Akwai wata tana tahowa daga ƙasa. Ka ji ta? Bari ta iso."

Alfari ya san wannan "bari ta iso" ɗin. Shi ya hana shi cin abincin rana kwana uku. Ya dubi wajen gari, inda tuta take kaɗawa ƙanƙanuwa a saman bariki, ya sake duban ƙanen matarsa da ya manta da igiya, ya manta da Dosso. Ya sunkuya ya zare awartakin daga hannunsa, Hamani bai ko motsa ba. Ya taka gefen jirgi, ya miƙa hannu sama iyakar tsawonsa, ya datse.

Wayar ta yi tsalle ta nannaɗe. Ƙananan ƙoran suka faɗa ruwa, babbar ta zauna a kan Hamani har kafaɗa. Ya ɗaga ta a hankali, idanunsa jajur, yana duban Alfari kamar wanda aka tasa daga barci da mari.

"Don mi? Ba ta gama ba."

"Ba ta gamawa," in ji Alfari. Ya miƙa masa jar hularsa, ya ɗauki gora. "Sa hularka. In Kumandan ya tambaya, ka ce ƙarfe ka samu ya rataye, ka cire."

Suka juya. Sun kusa fita daga ciyawa Hamani ya yi magana ba tare da ya waiwayo ba.

"Izgar nan da ka fara sawa. Ita ba ta zubar da magana, ko?"

"Wata biyu ba ta zubar ba."

Hamani ya gyara zaman hularsa. "Dokin Kumandan na da wutsiya har ƙasa," ya ce. "Ni ke ba shi ruwa ran Juma'a."