Idon da Ba Ya Zuƙowa

Ni mai ɗaukar hoton 'yan ƙwallo ne, kuma dogon idon kyamarata ya gama shagwaɓa ni. Ina zaune a bakin fili zan murza shi in zuƙo mai tsaron gida har in ga gumin goshinsa, ban ko ɗaga ƙafa ba. Shi ya sa da mai gyaran kyamara ya miƙo mini wani ɗan guntun ido mai kama da ƙaramin kofi, na bi shi da harara.

"Wannan kuma fa? Ina wurin zuƙowa?"

"Babu, maigida. In kana son abu ya matso, kai za ka taka."

"To me zai yi mini wanda dogon bai yi ba?"

"Je ka gwada. In bai yi maka ba, dawo mini da abina."

Na jefa shi a jaka, amma abin ya tsaya mini a rai. Me zai sa mutum da hankalinsa ya riƙa yawo da ido biyu, ɗaya ma ba ya motsi? Na ɗaura shi a hanya na gwada a kan wani mai faci da ke tsallaken titi. Mutumin ya fito ɗan mitsitsi a tsakiyar tayoyi. Na ja tsaki na cire.

Ranar kuwa ita ce ranar tashin Umma. Gwiwoyinta sun daina hawan bene, Yaya za ta tafi da ita can gidanta. Da safe Yaya ta kira ni.

"Auta, ka zo ka ɗauke ta hoto a ɗakinta, gaban keken ɗinkinta, kafin a kwashe kaya. Kai da kake mai hoto, ko ɗaya ba mu da shi."

Gaskiya ta faɗa, kuma ta ba ni haushi.

Na tarar masu kaya sun riga sun sauko da katifa. Umma na zaune gaban keken, ta gyara ɗankwali, ta ɗaure fuska tamau, irin ta hoton katin shaida. Na ɗaura dogon, abin da na sani. Na leƙa, kunnenta kawai na gani. Na ja baya, na bugi kabad. Na fita ƙofa, na tsaya a kan matakala, na samu kunne da rabin tabarau. Ɗakin kuma ba haske sosai, duk wanda na ɗauka sai ya fito dishi-dishi.

"Malam, hanya!" in ji wani daga cikin masu kayan, da madubi a kansa. "Saura keken nan mu tafi."

In suka ɗaga keken nan, shi ke nan, ɗakin ya zama bango huɗu.

Na zaro guntun na ɗaura, ina gunaguni. Na kai ido na leƙa. Ashe ɗan banzan nan haske yake sha! Ga taga, ga zaruruwa a jere kan ƙusoshi, ga almakashinta mai ɗaure da ƙyalle a hannu, ga Umma a tsakiya, duk tar. Sai dai fuskarta ta yi mini nisa. Hannuna ya tafi da kansa ya murza zoben da ya samu, ashe zoben saita gani ne ba na zuƙowa ba, Umma ta narke gaba ɗaya. Na gyara. Na sake mantawa na murza. Yaya da ke bakin ƙofa ta tuntsire da dariya.

"Ka taka mana! Cizo take yi?"

Na taka. Na ƙara takawa. Kowane taku sai wani abu ya fita daga hoton, wani ya girma, ni kuwa ina ta mamaki kamar yau na fara riƙe kyamara. Ban ankara ba gwiwata ta taɓa teburin keken. Har ƙanshin man keke na ji.

Umma ta sauke tabarau kan hanci, ta ƙura mini ido. Ba kyamarar take kallo ba.

"Auta, mene ne wannan a gemunka?"

"Mene ne, Umma?"

"Furfura ce! Yaushe ka tsufa ban sani ba?"

Ta miƙo hannu ta kama gemun, fuskar da ta ɗaure ta warware, dariya da ƙwalla suka zo mata tare. Na danna. Ko ban duba ba na san na samu, na kuma san guntun nan ya sami wurin zama a jakata kusa da dogon.

Masu kaya suka leƙo. "Mama, a ɗauka?"

Ba ta saki gemuna ba, ba ta kuma waiwaya ba.

"Ku ɗan dakata," ta ce. "Ban gama kallon yarona ba."