Taga ta huɗu

Mbarka na tsugune tana tatsar saniya ta ji takun mijinta a saman kwano. Ashe Si Allal bai jira ta ba. Ƙanƙarar shekaranjiya ta fasa ɗaya daga cikin tagogin roba da ke shigo da haske ta rufin ɗakin shanu, shi kuwa ya rantse ba zai kira kowa ba, rufin da ya kafa da hannunsa. Shekara sittin da uku, ga tumbi, ga taurin kai.

Matsalar ita ce duk bazara sai sun sa a feshe rufin da farar ƙasa saboda zafi, kamar yadda kowa ke yi a ƙauyukan Tadla. Daga sama ba ka bambance kwano da roba, komai fari fat. Da ta yi masa wannan maganar wajen karin kumallo, sai ya tsoma burodi a man zaitun ya ce tagogi uku ne, ko ido rufe ya san inda suke.

Huɗu ne. Shekara biyar ke nan, lokacin da ya tafi Umara, ta sa aka buɗe ta huɗun a lungun maruƙa, bayan ya hana ta har sau biyu. Mutumin da bai taɓa ɗaga kai a ɗakin shanu ba, ina zai gani? Kullum tana cewa gobe za ta faɗa masa.

Takun ya wuce ta farko, ya kauce wa ta biyu. Sai ta ji ya karkata, ya nufi lungun maruƙa. Ta ɗaga ido, ga inuwar ƙafarsa ta faɗo a gefen robar. Ƙasa kuwa siminti ne tsurarsa.

"Si Allal, tsaya nan. Kada ka ƙara taku ɗaya."

"Ke dai ki ji da tatsarki," ya amsa daga sama. "Nan ai kwano ne."

Ba ta tsaya gardama ba. Ta ture bokitin madarar, ta fizgo doguwar sandar kaɗe zaitun, ta soka sama da duk ƙarfinta. Robar da rana ta gama cinyewa ta fashe kamar busasshen ɓawon ƙwai, kan sandar ya ɓullo dab da ɗan yatsansa. Ta ramin suka kalli juna. Can ta ji ya zauna a hankali, yana salati ƙasa-ƙasa.

Daga nan aikin ya koma hannunta. Ta sa ya rarrafo ta kan layin ƙusa ya sauko. Suka kira maƙwabcinsu Bushta, aka jibge damin ciyawa a ƙarƙashin kowace taga, aka shimfiɗa katakai a kan rufin, aka ɗaure maigida da igiya a ƙugu kamar ragon layya. Bushta bai bar wannan ta wuce ba, ya ce a duba haƙoran ragon tukuna. Ita tana ƙasa tana ƙwanƙwasa kowace roba da sanda, shi yana sama yana zagaye ta da jan fentin tumaki. Kafin la'asar sabuwar taga ta zauna, saura ramin da ta huda.

Sai da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ta ajiye sandar. Daɗi ya kama ta har da ƙwalla, ta fake da hura wutar shayi. Ta miƙa masa kofi. Ta faɗa masa komai, har sunan wanda ya yi aikin, sannan ta ce gobe a sayo kwano a toshe wurin, magana ta ƙare.

Ya kurɓi shayin, ya daɗe yana kallon rufin.

"Roba zan sayo," ya ce. "In na toshe, ta ina za ki riƙa ganin ƙafata?"