Filon da Ba a Wankewa

Tun da ɓarin jikin Umma ya shanye, abu ɗaya nake tinƙaho da shi a duniya: fatar bayanta. Shekaru tana kwance, amma ko ƙwarzane babu. Duk nas ɗin da ta zo duba ta sai ta ɗaga rigar ta ce, "Wa ke kula da baiwar Allahn nan?" Ni ce, Auta, wadda ta rufe keken ɗinkinta da zane ta koma juya uwa daga dama zuwa hagu.

Sirrin ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Filo ne masu audugar roba, irin na bakin kasuwa. Ɗaya a bayanta, ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya ƙarƙashin dugadugai. In fitsari ya kufce ya taɓa wani, in tsoma shi a baho, in matse, in shanya, kafin la'asar ya bushe ƙarau. Ba su da kyan gani, amma ba sa riƙe laima.

Sai ga Yaya. Shi ne babban ɗan Umma, yana aiki da wata ƙungiyar kare muhalli a can nesa, kuma ganinsa sai an shirya. Ya buɗe but ɗin mota ya fito da filo masu audugar rimi, ɗinkin hannu, cikin farin yadi mai kauri.

"Auta, kin san a kan me Umma take kwanciya?" in ji shi. "Gorar roba ce aka narka. In kika yar da shi, jikokinki za su tarar da shi a bola yadda kika bar shi. Wannan kuwa daga bishiya ya fito, ƙasa zai koma."

"Yaya, ana wanke shi?"

"Ba a wankewa. A rana ake shanya shi a bubbuge."

"To fitsari fa?"

Ya ɓata rai kamar na yi ashar. "Haba Auta, a gaban Umma?"

Ba zan yi masa ƙarya ba, maganarsa tana kan hanya. Audugar rimi ba nauyi, ga sanyi a wuya, ba ta tara gumi kamar ta roba. Da lafiyayyen mutum ne zai ɗora kai, ni ma ita zan zaɓa. Amma Yaya bai taɓa canza wa Umma zanen gado ba. Ya jera mata filon da hannunsa, ya yi hoto da ita, ya kwashe nawa ya ce zai kai inda ake sake sarrafa roba. Kafin in sauke tukunya ya kama hanya.

Washegari na sayo wasu na roba. Umma ta ture su da hannunta mai lafiya. Harshenta ya yi nauyi, amma na ji ta sarai: "Na yaron nan." Na ce Umma, ki yi haƙuri, waɗannan na wanki ne. Ta juya fuska bango, ta ƙi buɗe baki in ba ta abinci.

Babu dabarar da ban gwada ba. Na naɗe na Yaya da leda, gumi ya jiƙa ta sharkaf, ta dinga yagar ledar da farce. Na shanya su, ga damina, rana ta leƙo ta koma. Na wanke ɗaya don haushi, audugar ta dunƙule curi-curi, ta ƙi bushewa, ta fara warin funfuna. In na musanya tana barcin rana, ta farka ta shafa, ta gane, hawaye su zubo. Na gaji da zama azzalumar da ke raba uwa da kyautar ɗanta. Na bar mata, ina juya ta, ina goge ta, ina cin raina.

Da fari wani ja ne ya fito a ƙasan ƙugunta, kamar faɗin murfin kwalba. Na shafa mai, na rage kwantar da ita ta wajen. Wata safiya na ɗaga rigar na tarar fatar ta buɗe.

Nas ta danna filon, ta sansana hannunta, ta dube ni. "Laima ce. Me ya same ki, Auta? Da ba haka kike ba." Ta ce gyambon ya yi zurfi, sai asibiti, a nemo mota yau.

Na ɗauki waya. Na tara wa Yaya magana fal ciki, yau sai ya ji ta tun daga farko. Ina neman lambarsa Umma ta damƙe wuyan hannuna. Ban san tana da sauran ƙarfi haka ba. Ta yi ta kokawa da harshenta har maganar ta fito.

"Kar ki ce filon ne. Zai ji ciwo. Ki ce ke ce."

Na danna lambar Yaya. Ba ta sake ni ba har ya ɗauka.

"Yaya, Umma ta yi gyambo a baya," na ce. "Ni na yi sakaci."

Ya ja dogon numfashi.

"Dama na lura kin fara gajiya da ita," in ji shi.