An Ce Tahnee Bazara Ce

An yi wa Noelene Pascoe aiki sau biyu a hannun dama, an ɗinke jijiyoyi uku. Shekarunta hamsin da takwas, arba'in daga ciki a tsaye ta yi su da almakashi a wannan hannun. Wadda ta soke ta, Tahnee Rourke, direbar motar kwal mai shekara talatin da ɗaya, tana gida a kan beli da bandeji a kai. Ta ukunsu, Desley Kerr, ta rasa haƙora biyu, kuma ita ma 'yan sanda sun tuhume ta. Abin ya faru ranar Asabar da hantsi a shagon gyaran gashin Noelene da ke Moranbah, garin masu haƙar kwal, ranar tseren dawakin garin.

Desley ba ta taɓa gashin kowa. Sana'arta duba launi. Asabar ɗin farkon kowane wata takan taso daga Mackay da akwati cike da ƙyallaye, ta kafa kujera a bakin tagar shagon, don a cewarta hasken lantarki maƙaryaci ne. Takan goge wa mace kwalliya, ta rufe mata gashi da farar hula, sannan ta riƙa shimfiɗa mata ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin haɓa, tana duba wanda ke raya fuska da wanda ke kashe ta. A ƙarshe ta faɗi sashen da macen ta faɗa cikin huɗu: bazara, rani, kaka ko hunturu. In an zo maganar gashi, sai ta miƙa ta ga Noelene.

Tahnee ta shigo ƙarfe tara da kwata, ta sauko daga aiki ke nan. Gashinta baƙi ƙirin, ya kai ƙugu, shekara goma sha ɗaya ba a yanke shi ba. Ta sa sunanta a gasar ado da ake yi wa mata a filin tseren, kuma ƙarfe ɗaya ake rufe ƙofar shiga gasar.

Bev Tancred, tsohuwar malamar firamare da ke zaune a ƙarƙashin na'urar busar da gashi, ita ce ta ga komai daga farko har ƙarshe. Abin da ke tafe daga bakinta ne, da kuma bayanan da matan uku suka ba 'yan sanda.

Desley ta fara da baƙin ƙyalle.

"Kalli madubi, 'yar nan. Me kika gani?"

"Na ga wadda ta yi awa goma sha biyu tana tuƙi."

"Ni gawa na gani." Ta zare baƙin, ta shimfiɗa ruwan murjani, sannan ruwan ɗorawa, sannan tsanwa mai haske. "Yanzu fa? Ga idonki ya fito, ga kumatu. Ke bazara ce, mai ɗumi da haske. Wa ya cuce ki da baƙin gashi?"

"Ni na cuci kaina. A makaranta Karas suke kirana, saboda jan gashina."

"To, Karas ce ke da gaskiya. Ruwan jan ƙarfe ne naki, a ɗan ratsa shi da ruwan zuma a gefen fuska. Ban da ruwan toka, ban da ja mai duhu. Baƙi kuwa ki bar wa masu zuwa jana'iza."

Tahnee ta yi dariya. Ta tambaya ko za a iya yi kafin ƙarfe ɗaya.

Ba a fita daga baƙi zuwa jan ƙarfe sai an fara cire launin da ke kai da bilic. Noelene tana da ƙa'ida, kowa a garin ya san ta: duk kan da ba ita ta rina shi ba, sai ta yanki ɗan tsinke daga ƙeya, ta tsoma shi a maganin, ta jira minti arba'in ta ga yadda zai yi. Ta ɗauki gashin Tahnee ta murza tsakanin yatsu, ta ce yana da nauyi, yana kuma da wani irin ƙyalli da ba ta so.

"Kina rini a gida?"

"Anti, rabona da rini shekara takwas."

"To me ya riƙe baƙin nan?"

"Ina kula da shi dai."

"Zan gwada tsinke."

Desley ta duba agogo. "Haba, Noel. Minti arba'in a kan gashi uku? Ta ce miki ba ta rini. In kin tsaya gwaji, da rigar aikin haƙar kwal za ta je filin."

"Ke ki tsaya kan tsummokaranki, bokanya."

"Tsummokaran nan su ke kawo miki mutane, tsohuwa."

Tahnee ta ce ta yarda, a yi kawai. Noelene ta mayar da almakashin kan tire ba tare da ta yanki komai ba. Wannan ba ta musa shi ba a bayaninta.

Abin da Tahnee ba ta faɗa ba shi ne, duk wata shida takan kwaɓa baƙin lalle na fakiti ta shafa. A wurinta lalle ganye ne, ba rini ba, kuma haka ta gaya wa 'yan sanda. Irin wanda take saya an gauraya shi da sinadarin ƙarfe, wanda ba ya shiri da bilic.

Ƙarfe goma saura minti biyar aka gama naɗe kan cikin takardun alminiyom. Bayan minti shida Tahnee ta ce kanta na zafi. Desley, tana ninke ƙyallaye, ta ce haka yake, ado sai da wahala. Bayan wasu minti biyu Bev ta ji wari kamar na babbaka, ta ga hayaƙi siriri yana fita daga takardun da ke ƙeya. Noelene ta taɓa ɗaya, ta janye yatsa, ta ja Tahnee zuwa bahon wanke kai ta buɗe ruwan sanyi. Da ta zare takarda ta farko, gashin ya biyo ta. Ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya, launinsa kore-kore. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka. A ƙeya fata ta tashi.

Tahnee ta kai hannu baya, ta dawo da shi cike da gashi. Ta miƙe. Sauran takardun na nan a kanta, maganin na gangara mata a wuya.

"Zauna, 'yata, ban gama wankewa ba," in ji Noelene. "Yana cin fatarki."

Tahnee ba ta zauna ba. Ta tafi gaban madubi ta juya kai. Daga nan Desley ta yi magana, kuma Bev ta ce da ta yi shiru da ƙila abin ya tsaya a kuka.

"Lalle kika sa, ko? Ƙarya kika yi mana. Ke kika jawo wa kanki."

Tahnee ta isa gare ta da taku uku. Ta damƙi gashinta da hannu biyu ta buga fuskarta a bakin teburin madubi, ta ɗago, ta sake bugawa. A bugu na biyu haƙoran suka fita. Kwalabe suka zube, madubin ya tsage daga ƙasa. Desley ta durƙushe, ta lalubo kwalbar da ake jiƙa mataji a ciki, mai kauri, ta miƙe da ita ta rotsa wa Tahnee a gefen kai. Kwalbar ta fashe. Shuɗin ruwan ciki ya gauraye da jini ya sauko mata a kunne.

Bev ta fito daga ƙarƙashin na'urar tana neman wayarta. Noelene ta rungumi Tahnee ta baya, Tahnee ta wurgar da ita da gwiwar hannu, Noelene ta faɗa kan tiren aiki ya kife. Almakashin ya zame ya tsaya kusa da ƙafar Tahnee. Ta sunkuya ta ɗauka.

Desley tana ja da baya da gindi, bakinta na zubar da jini a kan ƙyallayen da suka watse, har bayanta ya daki bango. Tahnee ta tsaya a kanta.

"Faɗa min launina yanzu. Faɗa min, bokanya."

Ta ɗaga hannu. Noelene, wadda take durƙushe a gefe, ta miƙa hannun dama ta tare, tafin a buɗe. Almakashin ya shiga ta gindin babban yatsa ya fito ta bayan hannun. Tahnee ta ja don ta zare shi, ya ƙi fita, ta sake ja ta gefe. Likitan da ya yi aikin ya ce wannan ja na biyu ne ya yanke jijiyoyin.

Daga nan Tahnee ta saki. Ta zauna a ƙasa, ta kalli hannun.

Noelene ta jingina da kujera, ta riƙe wuyan hannun da hagu, almakashin na nan a soke. Bev ta kawo tawul za ta cire almakashin, Noelene ta hana ta.

"Bar shi. Kai Tahnee baho. Ruwan sanyi, kada ki kashe, kada ki cuɗa. Zare sauran takardun a hankali."

"Noelene, jini fa kike zubarwa."

"Na gani. Kai ta baho, Bev."

Haka ma'aikatan motar asibiti suka same su ƙarfe goma da minti ashirin da biyu: Bev na riƙe da kan Tahnee a ƙarƙashin famfo, Desley na kwance a bakin taga da ƙyalle a baki, Noelene na zaune tana faɗin wace takarda za a zare gaba. An kai Noelene Mackay a jirgi mai saukar ungulu. An yi tseren dawakin kamar yadda aka tsara, wata ma'aikaciyar banki ta ci gasar adon.

An tuhumi Tahnee da yin mummunan rauni, Desley da duka da makami. Lauyan Tahnee ya ce zai kawo maganar gwajin tsinken da ba a yi ba. Lauyan Desley ya ce kare kai ta yi, kuma aikinta ya ƙare tun da ta faɗi launi. Desley da kanta ta gaya wa Bev a waya cewa har gobe ba ta yi kuskure ba, yarinyar bazara ce. An aske abin da ya rage a kan Tahnee, an yi mata dashen fata a ƙeya. Za a koma kotu ranar sha huɗu ga watan gobe.

Shagon a rufe yake. Noelene ta ƙi sa shi a kasuwa, ta kuma ƙi ɗaukar wata ta riƙe mata. Likita ya ce sai bayan wata uku za a san ko babban yatsan zai sake haɗuwa da manuniya da ƙarfin da zai riƙe almakashi. An ba ta maƙalin shanya ɗaya na katako ta riƙa matsawa safe da yamma. Yau kwana ashirin da shida, maƙalin bai buɗe ba tukuna.