Wanda Ya Riƙe Diga

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, mu mata bakwai muka haƙa rijiya a busasshen gulbin Turba. Mazanmu sun tafi ci-rani. 'Yan bindigar daji kuma sun aiko cewa duk wanda ya haƙa ruwa ba da izininsu ba, a bakin ransa. Muka yi kunnen uwar shegu, tunda yara na suma don ƙishi. Kwana tara ni ce a cikin ramin, har tafin hannuna ya tsage.

Sai ga Kalilu, wani mai ɗaukar bidiyo daga birni. Ya karɓe digar daga hannuna, ya miƙa wa ƙanena Sodangi, tela, wanda bai taɓa ɗaga abin da ya fi almakashi nauyi ba.

"Inna, ku koma baya ku riƙe bokiti, ku yi tagumi," in ji shi. "Masu kallo ba za su yarda mata ne suka yi wannan aiki ba."

Na zage shi tas. Amma da ya ce bidiyon zai jawo mana taimako, sai na koma baya. Sodangi kuwa har da gyara hula. Har yau haushin kaina nake ji.

Cikin kwana huɗu bidiyon ya shiga kowace waya. Ranar Laraba da hantsi 'yan bindigar suka shigo gari a kan babura. Suka fizgo Sodangi daga kan keken ɗinki, suka ja shi a ƙasa har bakin rijiyar. Ɗaya ya buga masa gindin bindiga a baki, haƙora suka zube.

"Yaya Kande!" yake kira, jini na bin gemunsa.

Na faɗa tsakaninsu. "Wallahi ni nag gina ta! Ku dubi hannuwana, ku dubi nashi!"

Babbansu ya yi dariya. "Tsohuwa, kauce. Mun gani ga waya. Ke bokiti kinka riƙe."

Ya hankaɗe ni. Harbi biyu suka yi masa, suka jefa shi cikin ruwan da na tono.

Bayan sadakar bakwai Kalilu ya dawo da kyamararsa. Ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce ko zan zauna a bakin rijiyar in ɗan yi kuka.

Na shiga ɗaki na ɗauko digar. Sau uku na sauke ta a kan kyamarar. Yana tsaye yana kallo, bai ce in koma baya ba.